Gidan Bakwa: Asalin Amina ta Zazzau da Ƙuruciyarta

Gabatarwa



Wanda duk ya tashi daga nan Tudun Wada ya nufi birni, ya shiga ta Ƙofar Doka, ya miƙe har dandalin fada, to ya zo gaban gidan da Zazzagawa ke kira Gidan Bakwa. A Kano fada Gidan Rumfa ce, a Katsina kuwa Gidan Korau. Hausawa ba su laƙaba wa fada sunan mutum sai in daga kansa ne sarauta ta sake sabon salo. Amma abin mamaki, in ka tare 'yan makaranta ka tambaye su labarin Bakwa, da wuya su ba ka amsa. In kuwa ka ambaci Amina, kowa sai ya ɗaga hannu. Sunan 'ya ya rufe na iyaye.

A cikin wannan lacca ba zan bi Amina fagen fama ba, domin labarin yaƙe-yaƙenta ya riga ya cika littattafai. Zan tsaya ne ga tambayoyi uku: 'yar wane gida ce? A ina ta tashi, kuma a wane zamani? Mene ne ya buɗe wa 'ya mace hanyar riƙe ragamar yaƙi a ƙasar Hausa? Waɗannan tambayoyi sun shafe mu kai tsaye. Ɗaliban da ke zaune a nan su ne malaman gobe, ma'aikata kuwa su ke rubuta jawabai da alluna da manhajojin makarantu. Abin da aka rubuta aka buga masa hatimin hukuma, na baya za su ɗauke shi gaskiya ce tsantsa, ko da tun farko kintace ne.

1. Inda labarin ya fito

Rijiyoyi huɗu muke ɗebo labarin Amina daga cikinsu, kuma zurfinsu ba ɗaya ba ne.

Ta farko ita ce littafin *Infaƙul Maisuri*, wanda Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya rubuta a 1812, kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1817. Bello ya ambace ta a matsayin 'yar Sarkin Zazzau, ya ce ta rinjayi ƙasashen Hausa har Kano da Katsina suka riƙa kai mata gandu, ta ci ƙasashen kudu da yawa, ta kuma rasu a Atagara, wurin da masana ke dangantawa da yankin Idah na ƙasar Igala. Sa'ad da matafiyin nan Clapperton ya ziyarci Sakkwato a 1824 ya sami wani yanki na littafin, aka buga fassararsa a Landan a 1826.

Ta biyu ita ce *Tarihin Kano*, wanda aka rubuta da Larabci. Binciken masana irin su John Hunwick ya nuna an harhaɗa shi ne cikin shekarun 1880 daga tsofaffin ruwayoyi. H. R. Palmer ya fassara shi da Turanci a 1908, Hukumar Fassara ta nan Zariya kuma ta fitar da shi da Hausa cikin *Labarun Hausawa da Maƙwabtansu*. Wannan littafi ya sa Amina a zamanin Sarkin Kano Dauda, watau 1421 zuwa 1438 bisa lissafin Palmer. Ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nupe, Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, yaƙe-yaƙenta kuma sun ɗauki shekara 34. Bai ambaci uwarta ko ubanta ba.

Ta uku ita ce jerin sunayen sarakunan Zazzau na Haɓe, su 60, daga Gunguma ɗan Bawo har zuwa Makau, wanda Malam Musa ya fitar daga birni a lokacin jihadi. A cikin wannan jeri Bakwa Turunku ke na 22. Sunan Amina kuwa ba ya ciki sam.

Ta huɗu ita ce labaran baka, waɗanda aka tattara wasunsu cikin ɗan littafin nan *Amina Sarauniyar Zazzau* da Hukumar NORLA ta buga a nan Zariya a 1954. Daga irin waɗannan labarai ne kusan duk abin da ake faɗa game da ƙuruciyarta ya fito.

To, a lura da abu biyu. Na ɗaya, mafi tsufa a cikin waɗannan rubuce-rubuce an yi shi ne aƙalla shekara 200 bayan zamaninta. Na biyu, madogarar da ta fi kusa da zamaninmu ita ta fi yawan bayani. Mai nazarin tarihi in ya ga labari yana ƙara ƙiba gwargwadon nisansa da mai shi, sai ya yi hattara.

2. Turunku, mahaifar gidan

Tun kafin a yi birnin Zariya akwai ƙasar Zazzau. Ruwayoyi sun ambaci wuraren da sarauta ta zauna a da, irin su Kawar da Rikoci da Wuciciri, sa'an nan Turunku, wadda ke kudu da nan, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi ta yanzu. Har yau ana ganin kufanta a gindin duwatsu, da ragowar ganuwa, da wurin da mutanen garin ke nunawa a matsayin kabarin Bakwa.

Muna da shaidar cewa Turunku ta yi ƙarfi tun da daɗewa. *Tarihin Kano* ya ba da labarin Sarkin Kano Kanajeji (1390–1410), wanda ya fito yaƙi da Zazzau ya sauka a Turunku, Zazzagawa suka fito suka kore shi. Daga baya ya sake shiri ya komo, ya kashe Sarkin Zazzau, ya zauna wata takwas a kusa da Shika. Wannan Kanajeji shi ne aka ce ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, yana kuma aika dawaki Kwararrafa ana ba shi bayi. Ashe ke nan gidan da ya haifi Amina ya tashi ne a bakin daga, tsakanin Kano mai dawaki a arewa da ƙasashen kudu masu duwatsu da dazuzzuka.

Matsayin ƙasar shi ya tsara mata sana'a. A cikin labarin Bayajida, inda aka raba wa Hausa Bakwai ayyuka, an ba Kano da Rano sarautar baba, Katsina da Daura sarautar kasuwa, Gobir sarautar yaƙi, Zazzau kuwa sarautar bayi. Wannan magana ba ta da daɗin ji a kunnenmu na yau, amma tana bayyana gaskiyar tattalin arzikin wancan zamani: Zazzau ita ce ƙofar kudu. Ta nan bayi da goro ke hawa arewa, ta nan dawaki da gishiri da tufafi ke gangarawa. Duk gidan sarautar da ya riƙe wannan ƙofa, tilas fuskarsa ta kasance tana duban kudu. Don haka in muka ji an ce Amina ta nufi Nupe da Kwararrafa, hanyar gidansu ce ta bi.

Ruwaya ta ce ƙarancin ruwa ne ya sa aka bar Turunku aka komo wajen dutsen Kufena, daga nan kuma aka kafa birnin da muke gani. Wanda ya dubi shimfiɗar wurin zai gane dalili: ga Kufena da Madarkaci don tsaro, ga rafin Kubanni da kogin Galma da fadamunsu don ruwa da noma. Wannan ƙaura ita ce babban aikin da ake jingina wa Bakwa, ita ce kuma ta sa fada ke amsa wannan suna.

3. Mutanen gidan

Bari mu dubi wurin da Bakwa ke ciki a jerin sarakuna, tare da shekarun da aka saba bugawa. Na 18 shi ne Muhammadu Rabo, wanda wasu ke kira Muhammadu Abu, kuma shi ake cewa Musulmin farko cikin sarakunan Zazzau. Bayansa da sarki ɗaya sai Nohir (1532–1535), sai Kawanissa (1535–1536), sai Bakwa Turunku (1536–1539), sai Ibrahim (1539–1566), sai Karama (1566–1576), sa'an nan Kafo. Ana iya ganin cewa kafin Bakwa an yi gajerun sarautu a jere, abin da sau da yawa ke nuna gida bai zauna lafiya ba. Bayan Bakwa kuwa sai ga sarauta ta shekara 27.

Game da Bakwa ruwayoyi sun rabu biyu. Wasu sun ce namiji ne, sarkin Turunku da ya haɗa kan Zazzau. Wannan ya dace da maganar Bello cewa Amina 'yar sarki ce. Wasu kuwa sun ce mace ce, 'yar Sarki Nohir, mijinta kuma sunansa Nikatau. Wasu marubuta na zamanin Turawa har sun yi ƙoƙarin fassara sunan da “baƙuwa”, suka haɗa Turunku da Toronkawa. Wannan fassara kama da wane ce, kama da wane kuwa ba ta wane. Kamannin sauti kaɗai ba ya zama hujjar asali.

Inda ruwayoyin suka haɗu shi ne 'ya'ya. Amina ce babba, ƙanwarta Zariya, wadda aka sa wa sabon birni sunanta, kuma aka ce daga baya ta yi yamma ta rasu a wajen ƙasar Yawuri. Labaran baka sun ƙara da cewa Karama ƙanensu ne, kuma a ƙarƙashinsa Amina ta fara jan rundunar yaƙi.

Ko Bakwa namiji ne ko mace, abu ɗaya ya tabbata a dukkan ruwayoyin: gida ne sabon tashi, wanda ya tashi daga wani gari ya kafa wani, yana bukatar kowane ɗa nasa ya riƙe masa wani sashe. Fada ta ɗauki sunan Bakwa, birni ya ɗauki sunan Zariya, ganuwoyi a wurare da dama na ƙasar Hausa kuma ana kiran su ganuwar Amina. Suna uku daga ɗaki ɗaya, ko kuma biyu daga cikinsu mata ne, ko dukkansu.

4. Labaran ƙuruciya da abin da ke ƙunshe cikinsu

Labarai huɗu aka fi bayarwa. Na ɗaya, tun tana rarrafe kakanta Sarki Nohir ke ɗaukarta ya shiga da ita zaman fada, tana jin shari'a da shawarar yaƙi. Na biyu, wata rana kakarta ta tarar da ita riƙe da wuƙa irin riƙon mayaƙa. Na uku, tana da shekara 16 aka naɗa ta Magajiya, aka ba ta kuyangi 40. Na huɗu, masu neman aure suka yi ta zuwa: an ce Makama ya yi tayin bayi 10 kullum, Sarkin Kano ya aiko da bayi maza 50 da mata 50 da tufafi masu yawa, duk ta ƙi.

Bai kamata mu haɗiye waɗannan labarai yadda suke ba, bai kuma kamata mu zubar da su ba. Sai mu sheƙe su a faifai.

Labarin kaka ya dace da al'adar da muka sani. Amina 'yar fari ce, Bahaushe kuwa yana kunyar ɗan fari: ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi a gaban mutane, sau da yawa kuma bayan yaye hannun kakanni yake komawa. Tsakanin kaka da jika kuwa wasa ne da sakewa. Saboda haka hanyar da 'yar fari za ta san cikin fada tun tana ƙarama ita ce cinyar kakanta. Wanda ya fara ba da wannan labari ya san gidan Hausa ciki da bai.

Labarin wuƙa iri ne da ake samu a tarihin jarumawa ko'ina a duniya. Sai mutum ya shahara sa'an nan ake komawa a nemo masa alama a ƙuruciya, a ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Irin wannan labari yana gaya mana yadda na baya suka ɗauke ta, ba abin da ya faru a tsakar gida ba.

Labarin ƙin aure shi ya fi kowanne nauyi, in an cire adon lambobi. A wancan zamani auren 'ya'yan sarakuna ƙulla zumunci ne tsakanin ƙasashe. *Tarihin Kano* ya ce Abdullahi Burja (1438–1452) ya auri 'yar Sarkin Dutse da 'yar Sarkin Shira da 'yar Sarkin Rano. Mace kuwa in ta yi aure gidan miji take tarewa, 'ya'yanta kuma na dangin uba ne. Da Amina ta auri Sarkin Kano, da ta zama matar Kano, Zazzau ta rasa ta. Da ta auri Makama, da wani gida na cikin Zazzau ya sami tsanin hawa gadon sarauta. Zamanta babu miji shi ya bar ta 'yar Gidan Bakwa har ƙarshen ranta. Labaran da ake yi na cewa tana ɗaukar namiji a kowane zango ta kashe shi da safe, ƙila ƙoƙari ne na mutanen baya na bayyana abin da ya zame musu baƙo, watau mace mai iko wadda ba ta ƙarƙashin kowa.

5. Matsalar shekaru

Littattafan makaranta da yawa suna cewa an haifi Amina a 1533, ta hau sarauta a 1576, ta rasu a 1610. Bari mu ga inda waɗannan lambobi suka fito. Shekarar 1576 ita ce ƙarshen mulkin Karama a jerin Zazzau. Aka ɗauko shekara 34 daga *Tarihin Kano* aka ɗora a kai, sai ga 1610. Watau an aro rabin lissafi daga wannan littafi, rabi daga wancan, alhali littattafan biyu sun saɓa da juna da fiye da shekara 100. Ban da haka, jerin Zazzau bai bar gurbi ba a 1576: Kafo ya hau, wasu suka biyo shi.

Har ila yau, in an haife ta a 1533, shekararta 16 ta faɗo a 1549, lokacin da jerin ke nuna Ibrahim ne sarki, ba Bakwa ba. Don a kauce wa wannan ne wasu marubuta ke jan mulkin Bakwa har 1566, su share Ibrahim da shekarunsa 27. A kuma tuna cewa su kansu shekarun Miladiyya da ke cikin waɗannan jeri ba marubutan asali suka sa su ba. Tsawon mulkin kowane sarki aka samu, sai masu fassara suka yi ta ƙirgowa da baya. Kuskure ɗaya a tsakiya yana gusar da duk abin da ke bayansa.

Kowane ɓangare yana da abin riƙo. Masu cewa ƙarni na 15 suna nuna cewa *Tarihin Kano* ya sa buɗe hanyar Gwanja, ƙasar goro, a zamanin Abdullahi Burja, wanda ya biyo bayan Dauda nan da nan, don haka maganar shigowar goro a zamanin Amina ta zauna daidai a wurinta. Ga shi kuma Turunku ta riga ta yi ƙarfi tun zamanin Kanajeji. Masu cewa ƙarni na 16 kuwa suna riƙe da dangantakarta da Bakwa, da kuma cewa lissafin da aka saba yi wa Tsoede, wanda ya haɗa kan Nufawa, ya sa sarautarsa a wajen 1531. In har akwai Sarkin Nupe mai aiko da babanni da goro, to zamanin bayan Tsoede ya fi dacewa.

Shawarata ga mai rubuta allo ko manhaja ita ce ya ce Amina ta rayu tsakanin ƙarni na 15 da na 16, ya faɗi abin da kowace madogara ta ce. Wannan ya fi daraja da rubuta 1533 kamar wanda ya ga takardar haihuwa.

6. Magajiya: ƙofar da ta shiga

Saura tambaya ta uku. Me ya sa sunanta ba ya cikin jerin sarakuna, alhali Kano da Sakkwato sun san da ita? Amsar da ta fi gamsar da ni ita ce, Amina ta yi iko ne ta hanyar sarautar mata, wadda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ta sarki, jerin kuwa sunayen sarakuna kawai ya adana.

Irin wannan sarauta tsohuwa ce. A Daura ruwaya ta fara ne da jerin sarakuna mata, har zuwa Magajiya Daurama. A Kano *Tarihin Kano* ya nuna irin ƙarfin Madaki Auwa, matar Rumfa kuma uwar Sarki Abdullahi (1499–1509), da na Iya Lamis, uwar Muhammadu Kisoki (1509–1565). A Zazzau kuwa muna da madubi mai kyau. Haɓen da suka fita tare da Makau sun kafa Abuja a 1828 a ƙarƙashin ƙanensa Abu Ja, garin da yanzu ake kira Suleja, suka tafi da tsarin fadarsu. Malam Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta tarihin wannan masarauta, M. G. Smith kuma ya yi nazarin tsarinta cikin littafinsa na 1960 kan mulki a Zazzau. A can an ga mata suna riƙe da manyan sarautu, irin su Sarauniya da Iya. A nan birni kuwa, bayan jihadi, sarautar Iya ta koma hannun maza, kamar yadda kowa ya san Iyan Zazzau.

In haka ne, kalmar “Sarauniya” da ke gaban sunan Amina tana iya zama sunan muƙami, ba lalle macen da ta hau gadon sarki ba. Abin da ya bambanta ta da sauran masu irin wannan muƙami shi ne ta fitar da shi daga cikin gida ta kai shi fagen daga.

7. Misali daga wata ƙasa

Kada wani ya zaci wannan duhu na ƙuruciyar sarakuna ciwon tarihin Afirka ne kaɗai. Bari mu leƙa Sikotlan, ƙasar da ke arewacin Ingila, inda ake da takardun fili da na coci tun daga ƙarni na 12. Babban gwarzonsu shi ne Sarki Robat Burus, wanda ya yi mulki daga 1306 zuwa 1329, ya kuma karya rundunar Ingila a Banokban a 1314.

An san asalinsa sarai. Dangin ubansa daga Normandi ta Faransa suka fito, Sarki Dauda na Ɗaya ya ba ɗaya daga cikin kakanninsa na can baya ƙasar Anandel a 1124. Uwarsa Marjori ita ce magajiyar ƙasar Karik. Kakansa ya nemi sarauta a 1291 zuwa 1292 bai samu ba, hujjarsa kuwa ta wajen uwa ce, domin ita jinin gidan sarauta ce. An haifi Robat a 1274. Amma duk da yawan takardu, ana saɓani a kan garin da aka haife shi, shekarun ƙuruciyarsa kuma kusan babu abin da aka rubuta a kansu. Sai labarai suka cike gurbin: cewa uwarsa ta tsare ubansa a gidanta sai da ya yarda ya aure ta, da kuma labarin gizo-gizo mai saƙa da aka ce ya koya masa naci, wanda marubucin nan Walta Sikot ya yaɗa kusan shekara 500 bayan mutuwarsa.

Darasi biyu za mu ɗauka. Ba wanda ke rubuta tarihin yaro, domin ba a san abin da zai zama ba. Sai ya girma ake yi masa ƙuruciya. Sa'an nan a can ma, kamar a nan, jerin sarakuna galibi na maza ne, amma in an bi sawun sarauta sai a tarar ta ɗakin mata ta bi.

Kammalawa

Ga abin da muka tsinta. Amina ba daga sama ta faɗo ba. Gida ne ya haife ta, Gidan Bakwa, sa'ad da yake tashi daga Turunku zuwa Kufena da Zariya. Ƙasa ce ta nuna mata alƙibla, domin Zazzau ce ƙofar kudu. Tsari ne ya ba ta wurin tsayawa, watau sarautar mata ta fadar Haɓe. Zamani kuma ya ba ta doki da lifidi da kasuwar goro. Jaruntakarta tata ce, amma waɗannan su ne tsanin da ta taka.

Akwai aiki a gabanmu. Sunanta yana kan ɗakin kwanan ɗalibai mata a Samaru, yana kan kwaleji a Kaduna, an yi mata fim a 2021. Amma shaidun da za su iya warware matsalar shekarunta suna cikin ƙasa, a kufan Turunku da gindin Kufena da ragowar ganuwar birni, wuraren da J. E. G. Sutton da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello suka yi nazari a kansu cikin shekarun 1970. Gine-gine da ɗibar ƙasa da ruwan sama sun riga sun ci sashe mai yawa na ganuwar. Ma'aikacin da ke sa hannu a takardar fili, ya tuna cewa tudun da ake so a baje ƙila shi ne shafin da ya rage. Ɗalibin da ke neman abin bincike kuwa, ga Turunku nan, ga Suleja, ga tsofaffin unguwannin birni. Tafiyar ba ta da nisa daga inda muke zaune.